Tambaya da Amsa: Mutum goma da suka bar gari ana mutuwa suka tafi ba da labari

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar makarantar firamare ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu da wani tsohon littafi cikin Faransanci, wai shi Dekameron, na wani mutumin Italiya. Na karanta gabatarwar da labarai kamar goma, sai na ajiye shi, don raina ya ɓaci. A farko marubucin ya kwatanta yadda annoba ta cinye garinsu, har iyaye na gudun ƴaƴansu. Ban gama share hawaye ba sai ga samari da ƴammata goma sun tattara kayansu sun koma gidan gona, suna ci suna sha suna ba juna labaran ban dariya. Tambayata biyu ce. Da gaske haka ɗan Adam yake zama in annoba ta sauka? Kuma wane irin mutum ne zai zauna ya rubuta abin dariya a kan kaburburan mutanen garinsu? Ni a 2020 da aka rufe makarantu da masallatai ko abinci ba ya wuce mini.

Daga wata ɗiyarka, Maraɗi.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni ma farkon haɗuwata da littafin nan ajiye shi na yi, amma nawa dalilin bai kai naki daraja ba, Faransancin fassarar ne ya fi ƙarfina a lokacin. Sai bayan na daɗe ina koyarwa a lise na koma masa, kuma daga nan ban sake rabuwa da shi ba.

Sunan mutumin Giovanni Boccaccio, ana furta shi Bokaco. An haife shi a 1313, ya rasu a 1375 a wani ƙaramin gari mai suna Certaldo. Ɗan ɗan kasuwa ne. Ubansa yana hulɗa da gidan bankin Bardi na birnin Fulorans, shi ya sa aka tura shi Napoli tun yana yaro don ya koyi lissafi da ciniki. Bai yi abin kirki a cinikin ba, amma ya fito da abin da ƴan kasuwarmu na Maraɗi ke da shi, wato idon gane mutum tun kafin ya buɗe baki.

Annobar da yake magana ita ce malamanmu ke kira ɗa'uni. Ta shiga Italiya ta tashar jiragen ruwa ta Messina a tsibirin Sisili cikin Oktoban 1347, a jiragen mutanen Genova da suka taso daga Kaffa, can bakin Baƙin Teku. Kafin bazarar 1348 ta kai Fulorans. Ba wanda ya san mafarinta a lokacin. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, daga baya aka fahimci ƙumar jikin ɓera ce ke ɗaukar ta zuwa ga mutum. Bokaco ya ce kaluluwa ce ke fara fitowa a matsematsi ko a hammata, wata kamar ƙwai, wata ta fi haka, sai baƙaƙen tabo su biyo baya, yawanci kwana uku mutum ya tafi. Ya ce daga Maris zuwa Yuli sama da mutum 100,000 suka mutu a cikin ganuwar birnin. Nan kam ya yi ƙari, don masana tarihi na ganin mutanen birnin gaba ɗaya ba su wuce kusan hakan ba. Amma sun yarda rabin garin ko fiye ya tafi cikin ƴan watanni. Ki ɗauki Maraɗi ki raba biyu, daga Bagalam zuwa Ali Ɗan Tsoho, ki ce tsakanin azumi da babbar salla rabi ba su. Wani marubucin tarihin birnin, Giovanni Villani, yana cikin rubuta labarin annobar ya bar gurbi a jimla don ya cike ranar da ta ƙare. Gurbin na nan har yau, don annobar ta kashe shi kafin ta ƙare.

To, tambayarki ta farko. Abin da ya fi tayar wa Bokaco hankali ba yawan gawa ba ne, lalacewar zaman tare ne. Ya kasa mutanen garin gida huɗu. Wasu suka kulle kansu, suna cin abinci kaɗan mai kyau, ba sa son ko jin labarin mara lafiya. Wasu suka ce tunda mutuwa ce a ci a sha, suna bin gidajen giya dare da rana, suna shiga gidajen da masu su suka mutu kamar nasu. Wasu suka bi tsaka-tsaki, suna fita harkokinsu da furanni ko ganyen ƙamshi a hanci saboda warin gari. Na huɗu suka gudu, kowa tasa ta fisshe shi. Kuma ya ce a kowane kashi an mutu, an kuma tsira, ba wanda dabararsa ta zama layar kariya. Maƙwabci ya daina leƙa maƙwabci, wa ya bar ƙane, mata ta bar miji. Jana'iza ta koma aikin ƴan haya, waɗanda ke saɓa makara su yi sauri su jefa a ramin da ya fi kusa. Da maƙabartun coci suka cika sai aka haƙa manyan ramuka ana jera mutane ɗaruruwa, sahu kan sahu, kamar yadda ake loda kaya a jirgin ruwa. A ƙauyuka hatsi ya nuna ba mai girbi, shanu da tumaki na fita da safe su ci su ƙoshi, su dawo gida da yamma ba makiyayi. Har ya rantse da idonsa ya ga aladu biyu sun yamutsa tsummokaran wani matalauci da ya mutu, ba a jima ba suka faɗi matattu a kan tsumman.

Gaskiya ya faɗa? Ya faɗi rabinta, kuma da ƙarfi. Akwai takardun wasiyya na wannan shekarar da suka rage a birnin Bolonya, kuma suna nuna cewa a tsakiyar annobar masu rubuta wasiyya da limaman coci da shaidu sun ci gaba da zama a gefen shimfiɗar masu jinya. Wani ya riƙe alƙalami a ɗakin da kowa ya san abin da ke cikinsa. Wanda ya gudu shi ake gani, don gudu yana da ƙura. Wanda ya zauna yana ba mara lafiya ruwa a ludayi ba ya yin ƙara.

Na ga wannan da idona a shekarar sanƙarau ta 1995. A layinmu wani yaro ɗan shekara bakwai ya kwanta da zazzaɓi, washegari wuyansa ya sandare. Gidan da kullum ƙofarsa ba ta rabuwa da masu zuwa aron turmi da ɗibar wuta, sai ya zama kamar an zagaye shi da ƙaya. Ba na cire kaina, ɗiyata. Kwana biyu ina zagayawa ta bayan layi in zan tafi aiki, don kada in haɗu da uban yaron in rasa abin cewa. Wadda ta shiga ita ce wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda a da ba mai lissafa ta cikin mutanen kirki na unguwa saboda faɗanta. Ita ta goya yaron zuwa gidan likita, ita ta kwashe sauran ƙannensa uku zuwa ɗakinta. Da dare ina jiyo muryarta ta kan katanga: ga ta nan ga ta nanku. Yaran su amsa da ƴar siririyar murya. Gizo da Ƙoƙi take yi musu, alhali wansu na can tsakanin rai da mutuwa. A daren farko na ce a raina tsohuwar nan ba ta da lissafi. A dare na uku na lura ni kaina ina jiran ta fara.

Daga nan zan shiga tambayarki ta biyu. Ki sake duba yadda mutum goman nan suka tsara zamansu, don nan ne marubucin ya ɓoye maganarsa. Ƴammata bakwai ne suka haɗu ranar Talata da safe a cocin Santa Maria Novella, coci kusan wayam, kowacce cikin baƙin kaya na takaba. Babbarsu, Pampinea, ita ta ce ta koma gida ba ta tarar da kowa sai baiwarta, kuma tana ganin kamar fuskokin mamata a kowane lungu. Samari uku suka shigo, aka gayyace su. Suka fita wajen gari kamar mil biyu. Abin farko da suka yi da isarsu shi ne naɗa shugaba. Kowace rana mutum ɗaya ke sarauta, a ɗora masa rawanin ganye, shi zai faɗi lokacin ci da lokacin barci da maudu'in labarin ranar. Da rana ta take, su zauna a da'ira kan ciyawa a inuwa, kowa ya kawo labari ɗaya, ba mai katse wani. Mutum goma, kwana goma, labari 100, shi ne ma'anar sunan littafin da Girkanci, kwana goma. Mako biyu suka yi, amma Juma'a da Asabar ba a labari, na ibada ne da wanke kai. Pampinea ta ma kawo dalilin da ya sa ta fifita labari a kan wasa irin su dara: a wasa dole ɗaya ya sha kaye ransa ya ɓaci, labari kuwa mutum ɗaya ke magana kowa ya samu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake watsewa a fadar ƴan belot zai ba ta gaskiya.

Wato a garin da ba sauran doka, ba kunya, ba mai jiran wani, su sun kafa ƴar ƙaramar ƙasa wadda dokarta ita ce ka yi shiru ka saurari ɗan'uwanka har ya kai aya. Ni a ganina wannan ne littafin. Dariyar kayan haɗi ce.

Sannan ki dubi abin da suke ba da labari a kai. Akwai ɗaya a rana ta biyar da nake so ki nema kafin ki mayar wa ƙanenki littafin. Wani saurayi, Federigo, ya ƙarar da dukiyarsa kaf wajen neman wata matar aure mai suna Giovanna, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ya tsiyace ya koma ƙauye, ba abin da ya rage masa sai ƴar gona da shahon farauta guda, wanda ba kamarsa a ƙasar. Mijin matar ya mutu, ta zo hutu gonarta kusa da tasa tare da ɗanta tilo. Yaron ya saba da Federigo, ya ƙwallafa rai a kan shahon. Sai ciwo ya kama shi, ya ce wa uwar in ta samo masa shahon nan zai warke. Ta san abin da ta yi wa mutumin, ta san tsuntsun ne ke ciyar da shi, amma ɗa ɗa ne. Ta tafi, ta ce ta zo cin abincin rana. Federigo ya shiga ɗaki ya fita, ya duba nan ya duba can, ba ko ƙwayar abin da zai sa gaban baƙuwa, ba kuɗi, ba abin jingina. Idonsa ya faɗa kan shahon a bisa sandarsa. Ya taɓa shi ya ji da ƙiba, ya murɗe wuyansa ya ba yarinya ta fige ta gasa. Bayan an ci an wanke hannu, sai matar ta faɗi abin da ya kawo ta. Mutumin ya fashe da kuka, ya sa aka kawo gashin da ƙafafun da bakin ya ajiye gabanta. Bayan ƴan kwanaki yaron ya rasu. Da ƴan'uwanta suka matsa mata ta sake aure, ta ce in dai dole ne to sai Federigo, don gara mutum ba dukiya da dukiya ba mutum.

Ranar da aka ba da labarin nan, maudu'inta shi ne soyayyar da ta ƙare da daɗi. Ki ga irin daɗin: da gawar yaro a tsakiya. Waɗanda suka baro garin da ba mai buɗe wa maƙwabci ƙofa, su ne suka zauna suna sauraron labarin mutumin da ya yanka abincinsa na gobe saboda baƙo. Mu da muke cewa baƙonka Annabinka ba sai an yi mana bayani ba.

Ba ina nufin duk labaran haka suke ba. Na farkonsu ma na wani tantirin maƙaryaci ne, Ciappelletto, wanda ya yi shaidar zur da kisa da sata iya ransa. Ajali ya riske shi a baƙon wuri, aka kira masa limamin coci, ya dinga kuka yana tuba daga laifuffuka irin su wai ya taɓa tofa yawu a coci, kuma yana ƙarami ya taɓa zagin uwarsa sau ɗaya. Masu masaukinsa na laɓe suna ji, dariya kamar ta kashe su. Aka binne shi a matsayin waliyyi, jama'a na yagar tufafinsa don neman tubarraki. Bokaco bai ɗauki ɗan Adam mala'ika ba. Ya san bakin da ke rarrashin yaro shi ne ke yaudarar gari guda.

Inda kike da gaskiya, kuma ba zan ƙwace miki ba: ƴaƴan masu hali ne. Suna da gidan gona mai rijiya da rumbu, shi ya sa suka iya fita. Sun tafi da barori bakwai, mata huɗu maza uku, masu dafa abinci da gyara shimfiɗa, kuma ba a taɓa cewa ɗaya daga cikinsu ya zauna cikin da'irar ya kawo nasa labarin ba. Sau ɗaya aka ji muryarsu sosai, a safiyar rana ta shida, da biyu suka kaure da gardama a kicin har hayaniyar ta kai ga sarauniya, aka yi dariya aka kore su. An kuma umarce su duk abin da suka ji a waje, kada su kawo labari sai mai daɗi. Ina yawan tunanin barorin nan. Su ma sun bar uwaye a Fulorans. Shi kuwa marubucin, ba daga nesa ya yi magana ba, matar ubansa ta tafi a annobar, uban ya bi ta ba da daɗewa ba, kuma a cikin shekarun da suka biyo, wajen 1349 zuwa 1353, ya rubuta littafin. Jimlarsa ta farko ma kan tausayin wanda ke cikin wahala take, cewa halin mutuntaka ne.

Ki ci gaba da karatu, ki tsallake abin da bai yi miki ba. Ki gaida ɗalibanki.

Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwa, kuma ina ganin sa'anka ne ni. Jikana ya gaya mini kana yabon wani littafin Turawa da mutanensa suka guje wa annoba. Ba Manzon Allah (SAW) ya hana fita daga garin da annoba ta sauka ba? Kuma an ce littafin cike yake da batsa da zagin malaman addininsu. Me ɗan Musulmi zai tsinta a ciki?

Daga wani Alhaji, Sabon Gari, Maraɗi.

Alhaji, barka kadai, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta sauka kuna ciki kada ku fita don gudunta. Da shi Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham a shekarar annobar Amwas, da ya ce ana gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Turai ba ta fara tsare matafiya a hukumance ba sai 1377 a birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, inda ake killace su kwana talatin, daga baya aka mayar arba'in. Shi ma Bokaco bai yabi masu gudu ba, ya kira su masu ƙeƙasasshiyar zuciya, ko da yake daga baya ya ba nasa mutum goman uzuri.

Batsa kuwa akwai ta, ba zan yi maka ƙarya ba, musamman a bakin wani saurayi cikinsu mai suna Dioneo, wanda aka yarje wa ya riƙa yin na ƙarshe kuma ya faɗi abin da ya ga dama. Ba littafin da za ka miƙa wa jikanyarka ƴar shekara goma sha uku ba ne. Cocin Katolika ma ta sa shi cikin haramtattun littattafai a 1559, aka fito da wanda aka tace a 1573. Abin dariyar, masu tacewar sun fi damuwa da a cire rigar limanci daga jikin masu aika-aikar fiye da a cire aika-aikar. Wanda yake yi wa ba'a shi ne mai cin abinci da addini. Akwai wani Cipolla da ya yi wa ƙauyawa alkawarin nuna musu gashin fiffiken Mala'ika Jibrilu, alhali gashin aku ne a akwati. Wasu shaƙiyyai suka sace gashin suka zuba gawayi. Ya buɗe akwati gaban jama'a ya ga gawayi, ko gezau, ya ce ai wannan garwashin da aka gasa wani waliyyinsu ne, ya bi su yana shafa musu a riguna yana karɓar sadaka. Alhaji, kai da ke zaune kasuwa, sau nawa mai lasifika ya wuce ta gaban shagonka da maganin cuta arba'in a kwalba ɗaya? A 2020 har na korona an sayar.

Kuma za ka yi mamaki, Salahuddin al-Ayyubi ya fito a labarai biyu, duka a matsayin sarki mai karamci da cika alkawari, a bakin Kiristan da kakanninsa suka yaƙe shi.

Wannan annobar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Ita ta kashe wa masanin tarihin nan Ibn Khaldun uwa da uba a Tunis yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta yana Dimashƙa a Yulin 1348, watan da ake jera gawa a Fulorans, kuma abin da ya gani ya sha bamban: an yi azumin kwana uku, ranar Juma'a bayan asuba gari ya fito ba takalmi, Musulmi da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kiristoci da Linjila, mata da yara, suka nufi wani masallaci a bayan gari suna kuka suna roƙo. Shekara biyar bayan haka, a 1353, mutumin nan yana Takadda, cikin ƙasarmu ta yau wajen Ingal, yana lissafa inda ake kai tagullar garin, har ya ambaci wata ƙasa da masana da yawa ke karantawa Gobir.

In ka samu sarari ranar Juma'a bayan la'asar, ka aiko jikan naka ya ɗauke ni a kabu-kabu. Zan zo da littafin in fassara maka na Salahuddin da attajirin Bayahude da zobba uku, kai kuma shayi na wuyanka.